Waya Za Ta Iya Sanar Da Ni Idan An Ga Baƙon Tsuntsu?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Nguru, kuma nakan fita kallon tsuntsaye a fadamar Haɗeja-Nguru lokacin sanyi. Shin akwai manhajar da za ta riƙa sanar da ni idan an ga tsuntsun da ba a saba gani ba a yankinmu?

Amsa: Akwai eBird, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka take gudanarwa tun 2002, kuma kyauta ce. Ka buɗe asusu a shafinta na intanet, ka nemi sashen Alerts, ka zaɓi yanki, sannan ka zaɓi ko saƙon imel zai riƙa zuwa maka kullum ko duk awa. Shawarata ita ce ka zaɓi Najeriya baki ɗaya maimakon jihar Yobe kaɗai, domin sanarwar tana fitowa ne daga abin da mutane suka shigar, kuma masu shigarwa a arewa ba su da yawa, saboda haka kana iya daɗewa ba ka ga saƙo ba alhali fadama cike take da tsuntsayen da suka yi ƙaura daga Turai.

Wannan ne ya sa nake roƙonka ka zama mai bayar da labarin da kanka. Manhajar eBird tana aiki ko babu sabis, domin GPS na wayarka ba ya buƙatar data; ka rubuta abin da ka gani a bakin ruwa, ka tura idan ka dawo gari. Idan tsuntsun baƙo ne, manhajar za ta nemi bayani, to a nan ka faɗi launin baki da na ƙafa da girmansa, ka haɗa da hoto ko da bai fita sosai ba, saboda akwai masu tantancewa da ke duba irin wannan rahoto. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane tsuntsu ta hoto ko kuka, amma ba ta ƙware da kukan tsuntsayen Afirka kamar na Turai da Amurka ba, don haka kada ka ɗauki amsarta a matsayin hukunci.

A gida kuma, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda masu sa kai ke amfani da manhajar BirdLasser. Wurin da tsuntsu mai ƙaranci ya yi sheƙa kuwa, kada ka watsa shi a zaurukan WhatsApp, domin mafarauta ma suna da waya.

Tambaya: Wani masunci ya tsinci mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa. Ina za mu kai labarin?

Amsa: Masu bincike ne suka sa zoben don bin sawun ƙaurar tsuntsun. Ka ɗauki hoton lambar da duk rubutun da ke jikinsa, kana juya shi har ka kama kowane harafi, sannan ka rubuta rana da wurin da aka same shi. Idan sunan wani gari na Turai ne a jiki, ka shigar da bayanin a shafin ring.ac na EURING, wato ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe a Turai, kuma galibi sukan aiko da amsar inda aka sa zoben da shekarar. Kada a taɓa gawar da hannu tsirara saboda murar tsuntsaye. A sa leda, a wanke hannu da sabulu.