Gari na cin gona: amsa ga wasu manoman Kebbi

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 garuruwanmu suke faɗi, kuma ba daji suke ci ba, gonaki suke ci. Wanda ya san hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo kafin a kafa jami'ar tarayya a 2013, ko hanyar Ambursa kafin filin jirgin sama, ya san inda gero yake tsayawa a da, ya kuma ga abin da ke tsaye a wurin yau. Tambayoyin wannan karon duk a kan haka suke.

Wani manomi daga yankin Kalgo ya ce: "Malam, gonar gado ce da mu a bakin titi, hekta 2, ba a raba ba. Dillalai sun matsa mana a yanka fegi-fegi. Ƙannena sun yarda, ni ne nake ja. Me ka gani?"

Ɗan'uwa, fara da lissafi kafin ka ji adadin kuɗin ya ɗauke maka hankali. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fegi mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba. In aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don hanyoyi, hekta ɗaya za ta ba da fegi 16 ko kusa da haka. Wanda ya taya gonarka a dunƙule wannan lissafin yake yi a zuci, kai kuma kana ta ƙidayar buhunan gero. In sayarwa ta zama dole, to ku san abin da kuke sayarwa.

Sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne irin gonar. Gonar bakin gari ita ce wadda ta sha takin gida tun zamanin kakanni, saboda nan jaki da amalanke suke iya kaiwa sau uku a wuni. Wadda za ku saya can nesa da kuɗin, ko ta ninka wannan girma, sai ta ci shekaru tana shan taki kafin ta kamo ta, ga kuɗin man babur kullum, ga halin da ake ciki na tsaro wanda ya sa gonar nesa ba kullum ake samun zuwa ba. Na sha ganin gidan da aka sayar da gona da rani, aka yi aure biyu aka sayi babur, damina na faɗuwa aka shiga neman gonar haya.

Shawarata, kada ku yi "duka ko babu". Ku yanke tsiri ɗaya na bakin titi, inda kuɗin ya fi, ku bar hanyar shiga gona mai faɗin da tarakta za ta wuce, sauran ku ci gaba da nomawa. In kuma ƙannenka sun kafe sai sun sayar da rabonsu, tambayi malamai ko alƙali batun shuf'a, domin a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gonar da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya karɓi kason a farashin da aka sayar wa bare. Ka kuma sani Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta yarda a sayar da gonar karkara ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba. Takardar da dillali ya rubuta a gindin bishiya ba ita ce amincewar ba.

Wani mai unguwa daga ƙasar Argungu ya ce: "Samarinmu na aure, gidaje sun cika, gini ya fara gangarawa fadama. Ba na son hana kowa muhalli, ba na kuma son mu rasa wurin shinkafa."

Ranka ya daɗe, magabatanka sun riga sun ba ka amsa, sunanta hurumi. Kowane tsohon gari yana da filin da aka ware don maƙabarta, idi, kiwo da faɗaɗa gari, kuma ba mai taɓa shi. Abin da ma'aikatan tsara birane suke yi da taswira ke nan, bambancin kawai su suna rubutawa. Gari ba zai daina girma ba. Abin da ke hannunka shi ne ta wace fuska zai girma, kuma tun ran gini ran zane.

Kada ka yi wannan aiki da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kama da wurin gini. Ka tara dattawa da samari da wakilin Fulani a watan Agusta ko Satumba, ku zaga gari da ƙafa. Ku nemi inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar jihar nan, tsofaffi kuma su nuna muku inda ya kai a 2010. Wanda ya fi nisa a ciki shi ne iyakarku. Ku kafa turaku, ku dasa jema ko gamba a layi, a yi shela cewa daga nan zuwa gulbi ba gini. Gulbin Rima ba ya mantawa da hanyarsa. Gidan da aka gina a fadama asara uku ne: an rasa wurin da ake noma sau biyu a shekara, mai gidan kuma yana kwanan zullumi duk damina, kuma ruwan da katangarsa ta tare gonar maƙwabci zai koma.

Daga nan sai ku duba tudu. Kusan kowane gari yana da fuskar da take fako ce ko tsakuwa, wadda ko an shuka ba ta mayar da iri. Can za a tura sabuwar unguwa, a dunƙule wuri ɗaya. Masu gonakin wajen a yi musu musaya ko a biya su, kada a ce don gonarsu ba ta da kyau sai su ɗauki nauyin gari su kaɗai. Kafin ma a fita waje, a ƙidaya kangayen da ke cikin gari. Za ka yi mamakin yawan gidajen da suka zube magada suna birni.

Abin da nake roƙonka ka hana shi ne ginin jere a bakin titi, gida ɗaya nan, ɗaya can gaba, har kilomita biyu. Yana da daɗin gani daga mota, amma yana toshe gonakin baya, kuma ranar da aka zo kawo wuta ko famfo, turakun da za su ishi unguwa guda sai su ƙare a gida goma.

A sabuwar unguwar, hanyoyi da magudanar ruwa za a fara fitarwa kafin a ba kowa fegi, sannan filin makaranta da ƙarin maƙabarta. Kududdufi kuma a bar shi, shi ne tukunyar ruwan gari, in aka cike shi ruwan ɗakuna zai shiga. Burtali da mashaya su ma a sa musu alama tun yanzu. Dokar makiyaya ta jihar Arewa tun 1965 take, amma mafi yawan burtalin da ya ɓace ba rana ɗaya aka cinye shi ba, kunya ɗaya ake ƙarawa kowace damina har shanu su rasa wurin bi su faɗa gona.

In kun gama, a zana a takarda ko da hannu ne, uban ƙasa ya sa hannu, a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma a buga hatimi. Dokar 1978 ta ɗora filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, don haka hatiminsu ne zai tsaya muku ranar da wani mai kuɗi ya zo da tasa takardar. Ka ajiye kwafi a wurin liman, kada ya zama a akwatinka kaɗai yake.

Wata baiwar Allah daga Jega ta ce: "Gonar albasa da mijina ya bar mana da marayu gidaje sun kewaye ta, ba mu da takarda. Za a iya ƙwacewa?"

Hajiya, rashin takarda bai mayar da gonar ta wani ba, doka ta san da mallakar gado. Amma ki gaggauta. Ki nemi takardar rabon gado daga kotu, ki sa a auna gonar, maƙwabtan iyaka huɗu su shaida, sannan ki je ƙaramar hukuma. Ki tambaye su ko wurin ya shiga yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, domin in ya shiga, ma'aikatar filaye ta jiha a Birnin Kebbi ce mai ba da shaidar mallaka.

Gwamnati na da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin gona, itatuwa, rijiya da gini. Saboda haka kada ki bar ta saura ko da shekara ɗaya. Ki kewaye ta da shinge, ki dasa mangwaro ko zogale a kan iyaka. Tunda kasuwa ta zo har ƙofarki, ki rage albasa ki ƙara alayyafo da latas da yakuwa, waɗanda maƙwabta za su saya kullum da safe ba sai kin biya kuɗin mota ba. Feshi kuma ki bari sai iska ta kwanta, ki nisanci rijiyoyin gidajen mutane, domin ƙarar maƙwabta ta fi saurin tashin mai lambu fiye da dillali.