Tankin da ke zaune a sama

Ka ce malaminku na kimiyya ya gaya muku duk abin da ke sama yana ɗauke da makamashi ko da ba ya motsi, kai kuma ka rasa gane wane irin ƙarfi tankin ruwa yake da shi alhali yana zaune lafiya lau a kan ƙarfensa. Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurara, don ba zan maimaita ba.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wannan ko ɗan ga-ruwa ya sani. Ka ɗauki nauyin ka yi sau 9.8, wato jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo, sannan sau tsayin a mita. Abin da ya fito shi ne makamashin da ke ajiye, da jul ake ƙirga shi. Tanki mai lita 2,000 a kan mita 6 yana riƙe da jul 117,600. Injin burtsatse ne ya sha wuta ya hau da ruwan, ƙarfin nan kuma bai ɓace ba, yana can sama yana jiran saukowa. In ta famfo ya biyo, kowa ya yi alwala cikin daɗi. In kuwa tare da tankin ya taho, sai dai Allah ya kiyaye.

Wannan lissafin na lita 2,000 da mita 6 ba zan manta da shi ba har in mutu, don shi ne aikin ƙarfen tankin da wani Alhaji ya ba ni a Mabera, nan Sakkwato. Na tambaye shi girman tanki, na nanata, ya ce ruwan gida ne kawai, shi da iyalinsa. Na zaɓo ƙarfe daidai da tan biyu har da rara, na sa giciye a kowane hawa, na zuba kankare a gindin ƙafafun da hannuna. Ya ba ni kafin alƙalami, ciko kuma wai sai bayan Sallah. Na yarda, saboda sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Ashe mutumin nan sayar da ruwa yake nufin yi. Ina juya baya ya kira wani yaro irinku, wanda ya yi wata uku a shago ya sayi injin walda ya ce shi ma oga ne. Ya ɗora masa ƙarin mita 4 a kan aikina, babu giciye, babu faɗaɗa ƙafafu, suka hau da tanki mai lita 5,000. Tan biyar a kan ƙafafun da aka yi wa tan biyu, ga tsawon da ke ba iska hannun murɗawa. Yi lissafin mana: 5,000 sau 9.8 sau 10, jul 490,000. Ya haura ninki huɗu na abin da na bari.

Ka san iskar farkon damina a Sakkwato, wadda ke zuwa da jar ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka. Ita ta murɗe shi daidai wurin da yaron ya yi haɗi. A nan ne makamashin ajiye ya koma na motsi. Abin da ya faɗo daga mita 10 yana isa ƙasa da gudun mita 14 a daƙiƙa, kusan kilomita 50 a awa. Shi na motsi, rabin nauyi ne sau gudu sau gudu: 14 sau 14 ya ba ka 196, sau 2,500, ga 490,000 ɗinka ta dawo cif, a lissafi ko jul ɗaya bai zube a hanya ba. Motar da ke da kilo 1,200 tana sheƙa kilomita 100 a awa a hanyar Gusau ba ta kai wannan ba. Tankin nan ya sauka a kan katangar maƙwabci da madafar matarsa. Allah ya sa yaran suna Islamiyya.

Me Alhaji ya yi? Ya tafi wurin mai unguwa ya ce aikina ne. Ni, da furfurata, aka sa ni zaman benci a ofishin 'yan sanda tun hantsi har la'asar. Na ce a je a duba walda, kowa zai ga inda hannuna ya tsaya da inda na yaron ya fara, ƙafafuna na ƙasa ma suna nan a tsaye. Aka ce in yi haƙuri, a raba asara, zaman tare ya fi. Cikona ya tafi, na sayi bulo da siminti na katangar da ban rusa ba, wani aikin makaranta da aka yi mini alkawari kuma aka janye shi ba tare da an kira ni ba. Har yau in mun haɗu sai ya miƙo mini hannu yana murmushi. Ina karɓa, amma ban yafe ba.

Shi ya sa kake ganin ba na yanka ƙarfe sai mai aiki ya sa hannu a takarda, lita nawa, mita nawa. Ku kuwa yaran yanzu kuna ganin ɓata lokaci ne, burinku a biya ku ku sayi data. Jiya ma na gan ka tsaye a ƙarƙashin ƙarfe ana aiki a sama. Guduma mai kilo 2 in ta suɓuce daga mita 10, da wannan gudun na mita 14 za ta same ka, ƙasa ba ta rage wa ƙarami sauri.

Yadda ake riƙe tef da ɗaure tsani ba zan tsaya koya maka ba. Aikin Arkilla na gobe lita 3,000 ne a kan mita 8. Kawo mini jul ɗinsa kafin azahar, da biro a bayan kwali, ba da waya ba.