Tambaya da Amsa: Malama Ɗaya, Maki Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare a cikin birnin Kano. Bara hedimastanmu ya shiga ajina ya yaba da koyarwata, bana kuwa da aka kawo sabo sai ya rubuta cewa aikina yana da rauni, alhali ban sauya komai ba. Shin babu ma'auni guda da shugabannin makarantu suke bi?
Daga wata malama, Gwale.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. A takarda akwai ma'auni, domin akwai fom na duba darasi, akwai kuma na APER, wato fom na auna aikin ma'aikaci, da ake cikewa duk shekara, wanda ake dubawa wajen ƙarin girma. Inda gizo ke saƙar shi ne kowane hedimasta da irin fahimtar da yake yi wa abin da aka rubuta. Idan fom ya ce "iya riƙe aji", wani yana ganin ajin da ya yi tsit shi ne nagari, wani kuma sai ya ji yara suna tambaya suna ba da amsa kafin ya gamsu. Kamar a ce masu awo biyu ne a kasuwar Dawanau, kowa da girman mudunsa.

Horon da yake magance wannan ya wuce lacca ta yini ɗaya. Ana tara hedimastoci su kalli darasi guda, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan a baje takardun a kwatanta. Wanda ya ba da maki huɗu da wanda ya ba da biyu, dole kowannensu ya kawo hujja daga abin da idonsa ya gani: yara nawa malama ta tambaya, ko ta leƙa na bencin baya, minti nawa aka ɓata ana kwafa daga allo, ko an duba littattafan yara da jan biro. Ana maimaitawa har makin ya kusanci juna, kuma a ganina ya kamata a riƙa sabunta shi kowane zango, domin da zarar an koma makaranta sanayya da saɓani sukan sake shiga cikin alƙalami.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano, domin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya horar da hedimastoci da jami'an tallafa wa makarantu tare da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Nauyin ɗorewar horon a ƙananan hukumomi 44 yana wuyan hukumar.

Ke kuma, Malama, ki nemi zama da hedimastan cikin ladabi, ki roƙe shi ya nuna miki a rubuce abin da ya gani da abin da yake so ki gyara. Idan ba ki gamsu ba, ki nemi a sake shiga ajinki wata rana tare da jami'in da ke zagayen makarantarku daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kowannensu ya cike nasa fom ɗin daban.