Filin Tambaya da Amsa: Hanyar Makarantar da Ta Ratsa Layin Dogo

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, dukansu a kan hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci, don ta taɓo abin da na daɗe ina son magana a kai tun ina aikin gina tituna.

TAMBAYA: Injiniya, ni uwa ce, 'ya'yana uku suna firamare a wata unguwa da ke bakin layin dogo a Kaduna. Makarantar tana ƙetaren layi, kuma kafin su kai layin sai sun bi titin da babu wurin tafiyar ƙafa, Keke Napep da manyan motoci na gogar jikinsu. Mahaifinsu ya ce in kwantar da hankalina tunda ba kullum jirgi ke wucewa ba. Ni kuwa ba na samun natsuwa sai na ga sun dawo. Damuwar tawa ce ta yi yawa? Idan ba ta yi ba, me talaka zai iya yi? (Wata uwa, Kaduna)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Damuwarki ba ta yi yawa ba. Ki gaishe mini da maigidan, ki faɗa masa cewa hujjar da ya kawo ita ce ta fi tayar mini da hankali. Layin da jirgi ke bi kullum a kan lokaci, mutane sun san shi, har agogo sukan duba da shi. Layin da ake daɗewa ba a ga jirgi ba kuwa, mantawa da shi ake yi. Ciyawa ta rufe gefensa, mai tebur ya matso da kayansa har kan tsakuwa, yara su mai da shi wurin wasa, direba ya daina waiwayawa. Ranar da jirgin zai zo babu wanda ke tsammaninsa. Tun da dogo ya isa Kano a 1911 garuruwanmu suka yi ta girma a jikinsa, har a Kaduna ɗin taku ga Kasuwar Bakin Dogo nan. Mun saba da layin sosai, shi ya sa tsoronsa ya fita daga zukatanmu.

Ga abin da nake so kowane uba ya sani game da jirgi. Ƙafarsa ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gudu, don haka birkinsa ba ya kamawa irin yadda tayar roba ke kama kwalta. Jirgin kaya mai nauyi idan ya ɗauki gudu yana iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, ko da direban ya hango yaron ya danna birki nan take. Ba shi da sitiyarin da zai kauce. Jikinsa ya fi layin faɗi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, saboda haka yaron da ya matsa kaɗan ya tsaya a kan tsakuwa bai tsira ba. Sannan girmansa na yaudarar ido: babban abu idan yana tahowa daga nesa sai ka ga kamar a hankali yake tafiya. Manya ma wannan yaudara na cinsu. A ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi awon gaba da motar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnati a Ikeja ta Legas, mutum 6 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Direban babban mutum ne da ya ga kamar zai riga jirgin wucewa. To ina ga yarinya 'yar shekara 7 da jaka a baya?

Abu na farko da za ki yi ba ya cin ko kwabo. Ki nemi wasu iyaye biyu ko uku, ku bi yaran da safe ku ga inda suke bi da gaske. Sau da yawa ba ta mahaɗar da aka tanada suke tsallakawa ba, ta wata 'yar hanya ce da ƙafa ta murje ciyawarta, don ta fi kusa da ƙofar makaranta. Nan ne wurin da za a gyara. Ku tsaya tsawon mako guda, daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe da kuma lokacin tashi, ku ƙirga yaran da ke tsallakawa. Kada ku manta da 'yan Islamiyya na yamma, musamman masu dawowa dab da magariba. Ku ɗauki hoto da waya. Takardar koke da ta ce "muna cikin haɗari" a aljihun tebur take kwana. Wadda ta faɗi yawan yaran, da wurin, da sa'ar, da hoto a maƙale, ita ce ke da wuyar turewa gefe.

Kada takardar ta fita da sunanki ke kaɗai. Ta fito daga kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, hedimasta ya sa hannu, mai unguwa da limami da kansila su sa nasu. Sai ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, don nan ne koke da yawa ke ɓata. Layin dogo da filin da ke gefensa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wato NRC, hukumar tarayya ce. Titin kuma yana iya zama na tarayya, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma. Saboda haka takarda biyu za ku rubuta, ɗaya ga NRC, ɗaya ga hukumar da ke da titin, ku kai kwafi ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da KASTLEA mai kula da dokokin hanya ta jiha, tunda a Kaduna kuke. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.

Me za ku roƙa? Na san bakin kowa zai tafi ga gadar sama. Ni ba da ita zan fara ba. Tana da tsada, tana cin shekaru kafin ta shiga kasafin kuɗi, kuma idan aka dasa ta nesa da inda yara suka saba bi, sai su bar ta su koma tsohuwar hanyarsu. Ku roƙi abin da za a iya yi a zangon karatu ɗaya. Mai gadi da sandar tare hanya a lokutan zuwa da tashi. Wurin tsallakawa guda ɗaya tak, wanda ya yanki layin kai tsaye ba a karkace ba, an daidaita ƙasarsa da ƙarfen yadda ƙafar yaro ko keken guragu ba za su maƙale ba. Shinge a dama da hagu mai ɗan tsawo, don ya tattaro yaran zuwa wannan wurin. A bakin layin kuma a yi shingen ƙarfe mai lanƙwasa, wanda dole mai tafiya ya juya ya fuskanci wannan ɓangare, ya sake juyowa ya fuskanci wancan kafin ya taka layi. Wannan ɗan ƙarfen yana hana yaro shigowa a guje, kuma yana sa shi duba hanya ko bai yi niyya ba. Sai a sare ciyawa a janye rumfuna har yaro, a tsayinsa na yaro, ya iya hango layin da nisa. Idan za ku gwada, ku durƙusa ku duba daga inda idonsa yake.

Gargaɗi ɗaya: kada 'yan unguwa su haɗa kuɗi su zuba kankare a kan layi da kansu. Ƙafar jirgi tana da baki da ke bi ta cikin ƙarfen, tana buƙatar rami siriri a jikinsa. Idan aka toshe shi jirgi na iya sauka daga layi. Aikin gayya ya tsaya a sharar ciyawa da gyaran hanyar da ke kaiwa wurin, shi ma da sanin ma'aikatan jirgi.

Yanzu titin. A gaskiya shi ne ya fi kusa da 'ya'yanki, don jirgi jefi-jefi yake zuwa, mota kuwa kowane minti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Maganar duk a kan gudu take. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a sa'a, daga lokacin da direba ya ga yaro zuwa tsayawarta, takan ci kimanin mita 13. Mai tafiyar kilomita 50 takan ci kimanin mita 27. A daidai inda ta farkon ta tsaya cik, ta biyun ko birki ba ta gama takawa ba. Dalilin ke nan da taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mota ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. Allon gargaɗi kaɗai ba ya rage gudun direba, farin zanen tsallakawa ma haka. Tudun rage gudu da aka yi shi da kyau, aka shafa masa fenti, shi ke sa ƙafa ta sauka daga totur.

Wurin tafiyar ƙafa kuwa, a titunanmu da yawa filinsa na nan, lambatu ne ya cinye shi. Idan aka rufe lambatun da silab mai ƙwari, aka ɗaga shi sama da kwalta kamar santimita 15, aka dasa turakun kankare don kada Keke Napep ya hau, an sami dakalin da yara za su bi. Faɗinsa ya kusa mita 2, saboda yara ba sa tafiya a layi ɗaya, biyu-biyu ko uku-uku suke jerawa suna hira. A bar silab da za a iya ɗagawa don yashe lambatun kafin damina. An gwada irin waɗannan ƙananan gyare-gyare a Darussalam ta Tanzaniya, inda wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamare tana sa tudun rage gudu, da dakali, da turaku, wani lokaci har da sauya wa makaranta ƙofa ta koma gefen da ba mota. Binciken da aka yi ya nuna raunin da yara ke ji a hanya ya ragu da kashi 26 cikin 100, aikin kuma ya ci kyautar duniya a 2019. Batun sauya ƙofar nan ki kai wa hedimasta, don wani lokaci fasa katanga a wani gefe ya fi komai arha.

Kafin hukuma ta amsa, ku raba kwanaki tsakaninku: babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara su taru a wuri guda su tafi tare. Ki koya wa naki su tsaya nesa da tsakuwa, su saurara, su duba dama da hagu, musamman da hunturu lokacin da hazo ke rage gani, hula da mayafi kuma na rage ji. Inda layi biyu ne, bayan jirgi ya wuce a sake dubawa, wani na iya tahowa ta ɗayan. Kuma ko tarago ya kwana a tsaye, kada su taɓa bi ta ƙarƙashinsa ko tsakanin biyu, don yana motsawa ba tare da sanarwa ba. Amma kada wannan koyarwa ta sa a ce an gama. Yaro zai manta wata rana, ƙwallo za ta faɗi, ƙararrawar makaranta za ta kaɗa ya ruga. Hanyar ce ya kamata a gyara yadda mantuwar yaro ba za ta zama ajalinsa ba.

TAMBAYA: Ni hedimasta ne a wani ƙauye a jihar Katsina. Sabon layin dogo da ake ginawa zai ratsa tsakanin makarantarmu da unguwanni biyu da ɗalibanmu ke fitowa. Mu jira a gama mu ga yadda za ta kasance?

AMSA: Malam, kada ku jira ko mako ɗaya. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, irin na Abuja zuwa Kaduna ne da aka buɗe a 2016, gudunsa ya fi na tsohon jirgi nesa ba kusa ba. Irin wannan layi ba a tsallaka shi ta sama da ƙafa, sai ta ƙarƙashi ko ta gada. Sa kwalbatin wucewa tun ana cike ƙasa abu ne mai sauƙi. Bayan an shimfiɗa ƙarfe jirgi ya fara bi, sai an yi da gaske kafin a yarda a fasa. Ku je ta hannun dagaci da hakimi ku nemi ganin injiniyan da ke kula da yankinku, ku tambayi inda aka sa mafita mafi kusa da makaranta, ku auna nisanta da ƙafa tare da ɗan aji ɗaya. Idan kwalbati ce, ku tambayi ta ina ruwa zai fita da damina, don wadda ta cika da ruwa a Agusta yara za su bar ta su haura layi. Ta kasance mai faɗi da haske, ana hango ƙarshenta daga farkonta, in ba haka ba iyaye za su hana 'yan mata bi, daga nan kuma sai zuwa makarantar ya tsaya. Ku rubuta wa Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya, ku ba ɗan majalisar mazaɓarku kwafi.

TAMBAYA: Ina sayar da ƙosai da kunu a ƙofar wata firamare a Kano. An ce za a yi wurin tafiyar yara a tashe mu. Da wannan sana'ar nake ciyar da marayu. Ina mafita?

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya marayun. Gaskiya ita ce teburin da ya tare gefen titi yana tura yaro cikin motoci, kasko mai tafasasshen mai a kan hanyar yara kuma wani haɗarin ne daban. Sai dai ni ban yarda korarku ce magani ba, don idonku a ƙofar makaranta tsaro ne, kun san yaran kun san baƙuwar fuska. Ku haɗu ku masu sana'a a wurin ku riga hukuma zuwa wajen hedimasta da mai unguwa. Ku ce za ku ja baya ku jingina da katanga, ku bar mita 2 fili, ku kauce wa bakin ƙofa da wurin tsallakawa, a ja muku layi da fenti a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Murhun ya koma ta ɓangaren katanga, tebur ya shiga tsakaninsa da yara.