Na biya kuɗin talla a Facebook, amma ciniki shiru

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Zariya, ina saro atamfa da leshi daga Kantin Kwari ina sayarwa daga gida. A watan jiya sau biyu ina biyan Facebook kuɗi domin a yaɗa hoton kayana. Mutane da yawa sun danna alamar so, wasu sun rubuta "Masha Allah", wasu "Allah ya kawo kasuwa", amma ko turmi ɗaya ban sayar ta wannan hanyar ba. Abin da na rubuta a ƙarƙashin hoton shi ne: "Kaya masu inganci da rahusa, sai an gwada akan san na ƙwarai, mai so ya biyo ni ta akwatin saƙo." Shin tallan intanet ɗin ne yaudara, ko kuwa ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a yaudare ki ba, an dai ba ki abin da kika nema ne ba tare da kin san shi kika nema ba. Duk lokacin da mutum zai biya kuɗin talla a Facebook ko Instagram, waɗanda duka mallakar kamfanin Meta ne, akan tambaye shi manufar tallan: a yawaita masu yaba hoton, ko masu shiga wani shafi, ko masu turo saƙo. Na'urar kamfanin ta san ɗabi'ar kowane mai amfani da ita, saboda haka idan aka zaɓi manufar farko, sai ta kai hoton gaban mutanen da suka saba danna alamar so a kan duk abin da ya gifta, waɗanda yawancinsu ba su fito da niyyar sayen komai ba. Addu'ar da suka yi miki mun gode, Allah ya amsa, amma idan ciniki kike nema, manufar da ta dace da ke ita ce ta turo saƙo, wadda ke sa maɓalli a jikin tallan da zai kai mutum kai tsaye zuwa lambarki ta WhatsApp. Ki kuma taƙaita yankin da tallan zai zagaya zuwa garuruwan da za ki iya kai kaya cikin sauƙi, kamar Zariya da Kaduna da Kano, domin kuɗin da aka watsa a faɗin Najeriya kafin ya taɓa kowa ya ƙare.

Sai dai ko da kin gyara wannan, rubutun da kika turo min ba zai sayar ba, kuma a nan nake so mu daɗe. Ki tuna da dillaliyar da ke shiga gida gida da ƙunshin kaya. Ba ta tsayawa a tsakar gida ta ce kayanta masu inganci ne, ta juya ta tafi. Kwance ƙunshin take yi, ta miƙa wa uwargida zanen ta murza da hannunta, ta faɗi sunansa da inda aka saro shi, ta faɗi kuɗinsa, idan aka taya ta ce albarka ko ta sallama. Mai kallon waya ba ta da damar murza zane, saboda haka aikin rubutunki da hotonki shi ne su maye mata gurbin hannunta. Kalmomin "inganci" da "rahusa" ba sa yin wannan aiki, domin babu mai sayarwar da ta taɓa cewa kayanta marasa inganci ne masu tsada. Kalmar da kowa ke faɗa ta daina ɗauke da labari.

Abin da mai saye ke son sani kaɗan ne, kuma sananne ne: wane irin zane ne, auduga ce zalla ko gauraye, yadi nawa ne, yana zuba ko ba ya zuba, nawa ne kuɗinsa, yaya zai iso hannunta, kuma wa zai biya kuɗin mota. Da ni ne, ga yadda zan rubuta: "Atamfa auduga zalla, turmi mai yadi 6, naira kaza. Ba ta zuba, ga ƙyallenta na wanke a bidiyon nan ki gani. A Zariya muna kaiwa har gida a ranar, Kaduna da Kano kuma ta tasha washegari." Ki lura cewa sunan kaya da farashi suna layin farko. Dalili shi ne manhajar tana yanke dogon rubutu a waya bayan 'yan layuka, kuma tsawon da ake ba da shawara a kansa kimanin haruffa 125 ne. Abin da ya faɗa bayan nan sai wanda ya danna domin ƙarin karatu zai gani, su kuwa ba su da yawa.

Batun ɓoye farashi na san za a yi min gardama a kansa. Masu yin haka suna cewa idan mutum ya shigo akwatin saƙo sun sami damar shawo kansa, kuma abokan hamayya ba za su ga farashinsu su karya ba. Ni ban gamsu ba. Abokiyar hamayyarki a Kantin Kwari take saro nata kamar yadda kike yi, ta fi kowa sanin kuɗin turmi. Wadda kika ɓoye wa ita ce mai saye, wadda ke jin nauyin ta tambaya a faɗa mata kuɗin da ya fi ƙarfinta ta rasa yadda za ta zame, ko kuma take zargin cewa kowa da farashin da ake yanka masa gwargwadon hoton da ya sa a shafinsa. Idan kin bayyana farashi, masu turo saƙo za su ragu, amma waɗanda suka turo sun riga sun ga kuɗin sun amince da shi, kuma kin huta da amsa "nawa ne" sau hamsin a wuni.

Akwai kuma tsoron damfara, wanda ke hana ciniki fiye da tsada. Kusan kowa ya san wata da ta tura kuɗi aka rufe lambarta, ko aka kawo mata abin da bai yi kama da na hoto ba. Maganin wannan tsoro shi ne hujja. Ki ɗauki bidiyon kayan da wayarki a hasken rana, hannunki yana buɗe zanen, kina bayani da muryarki da Hausa, wanda zai kai saƙon har ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Kada ki ɗauko hoton da kamfani ya gyara wanda masu sayarwa ɗari ke yawo da shi. Asusun da za a tura kuɗi ya zama da sunan da ke kan shafinki, ki kuma faɗi tun farko abin da za ki yi idan kaya suka iso da aibi.

Daga nan sai lissafi, wanda shi kaɗai zai gaya miki ko tallan ya yi aiki. A ce kin kashe naira 10,000, mutum 40 suka turo saƙo, 4 daga cikinsu suka saya. Kowane saƙo ya tsaya miki a naira 250, kowane ciniki kuma a naira 2,500. Idan ribarki a turmi naira 2,000 ce, kuma kowa turmi ɗaya ya ɗauka, kin faɗi; idan suna ɗaukar bibbiyu, ko suna dawowa lokacin sallah da biki, kin ci riba. Saboda haka ki gwada rubutu iri biyu da hoto ɗaya a kan kuɗi kaɗan, ki bar su su yi kamar mako guda ba tare da kina taɓa su kullum ba, sannan ki ƙara kuɗi a kan wanda ya fi kawo masu saye.

Wadda ta saya kuma kada ki bar ta ta ɓace. Ki roƙe ta ta ajiye lambarki, domin a WhatsApp sai wanda kuka ajiye lambar juna ne ke ganin sitatus ɗinki, wanda ke gushewa bayan awa 24, haka nan saƙon bai ɗaya da ake aika wa mutum har 256 a jeri guda ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, tana ba ki damar jera kaya da farashinsu a wuri ɗaya. Abin da zan hana ki shi ne jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, da loda hotuna arba'in a sitatus a dare ɗaya.

Tambaya: Malam, ina haɗa maganin gargajiya na basir da na sanyi a Gusau. Wani mai mabiya da yawa a TikTok ya ce in biya shi ya tallata min. In biya?

Amsa: Malam, kafin maganar biya akwai maganar doka. Magani, har da na gargajiya, yana ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda ke yi masa rajista, kuma tallansa ma sai da amincewarta. Ban da ita akwai ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, wadda ikonta na tantance talla ya haɗa da na intanet. Idan ba ka da lambar rajistar NAFDAC, da ita za ka fara, kuma ko kana da ita, ka guji cewa maganinka yana warkar da cuta kaza da kaza har abada.

Idan takardunka sun cika, kada yawan mabiya ya ruɗe ka, domin wanda ake bi saboda barkwanci ba lallai ne a karɓi shawararsa a kan lafiya ba, kuma mabiyan nasa suna iya kasancewa a garuruwan da kayanka ba sa zuwa. Ka nemi ya nuna maka daga wayarsa garuruwan da masu kallonsa suke da kuma shekarunsu. Ku fara da bidiyo ɗaya, ka ba shi wata kalma ta musamman da duk wanda ya zo ta wajensa zai ambata a yi masa ragi, ka riƙa rubuta su a littafi. Bayan mako biyu ka ƙirga su, ka kwatanta ribarsu da abin da ka biya shi, sannan ku yi maganar bidiyo na biyu.