Zan iya mayar da foldar pg_wal kan wani faifai daban?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ke kula da sabar wani kantin magani, muna amfani da PostgreSQL, manhajar adana bayanai. Faifan ya kusa cika, kuma idan ciniki ya kankama sai aiki ya riƙa jan ƙafa. An ba ni shawarar in ɗauke foldar pg_wal in kai wani faifai. Ba zan yi ɓarna ba?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma fara sanin abin da za ka taɓa. Duk canjin da aka yi, ko kwalin magani ɗaya aka sayar, a wannan foldar PostgreSQL ke fara rubuta shi, kuma ba zai ce an gama ba sai rubutun ya sauka a faifai. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da ita yake farfaɗo da bayananka. Kafin siga ta 10 da ta fito a 2017, sunanta pg_xlog, kuma mutane sun sha goge ta suna zaton tarkace ce. Don Allah kada ka goge ko fayil ɗaya a ciki da hannunka.

Rubutunta a jere yake tafiya, shi ya sa a faifai mai juyawa ake ganin bambanci sosai idan ta samu nata ita kaɗai. In SSD gare ka, wato faifan da ba ya juyawa, ribar saurin ba ta kai haka ba.

Aikin ba wuya. Ɗauki kwafin ajiya, ka tsayar da PostgreSQL gaba ɗaya, ka kwashe foldar zuwa sabon faifan. A gurbinta ka sa mahaɗi da umarnin ln -s mai nuni ga sabon wurin. Mallakar foldar ta zama ta postgres, asusun da PostgreSQL ke aiki da shi, izininta 700, wato shi kaɗai ke iya taɓa ta, sannan ka kunna.

Inda nake so ka natsu shi ne nan: yanzu bayananka sun rataya a kan faifai biyu. Kada ka ɗauko tsohon da ke cikin durowa, nemi lafiyayye. Sa shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da saba za ta haɗa, domin ya hau tun sabar na tashi, in ba haka ba PostgreSQL zai ƙi tashi. Ka kuma bar masa fili. Fayilolin cikin foldar galibi megabait 16 ne kowanne, amma in kana tura kwafinsu wata ma'ajiya kuma turawar ta tsaya, sai su yi ta taruwa, kuma ranar da faifan ya cika, PostgreSQL zai tsaya cak.