Asalin kalmar "ƙaƙa-ni-ka-yi"

Malam, ka tambayi ma'anar "ƙaƙa-ni-ka-yi" da asalinta. Tambaya ce aka dunƙule ta zama suna. A bakin Sakkwatawa "ƙaƙa" na nufin "yaya", don haka "ƙaƙa-ni-ka-yi" na nufin "yaya zan yi?" Ana faɗinta idan al'amari ya cije, gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Jiya a wani lungu a Agege ta Legas danfo biyu, wato ƙananan motocin haya, suka yi gaba da gaba, kowane direba ya kashe mota ya naɗe hannu, fasinjoji suka yi cirko-cirko cikin rana. Ka ga misalinta.

Don Allah kada a haɗa ta da "kunnen doki". Shi canjaras ne, kamar yadda kunnuwan doki suke daidai. Yana damuna in ji yaranmu na Legas suna cakuɗa su.